Garmar da Muka Ɗaura wa Jif

Mun tashi da asuba ran Talata daga Kazaure, ko koko ba mu tsaya sha ba, ni da taubashina a cikin tsohuwar jif ɗinsa. Na ce mun tashi ne don in rufa mana asiri. Gaskiyar magana, sai da masu fitowa daga masallaci suka tura mu tun daga ƙofar gida har gangaren kasuwa kafin injin ya yi tari ya kama. A aljihun gabana akwai takarda guda a ninke, ita ce dukan ilimin da muka fita da shi.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da tsofaffi biyu daga gida a tsakiyar kaka. Tunda kuɗin mai ya zo ƙasar nan, gwamnati ta shiga haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse, bana kuwa sunan ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa ya fito. Masu haƙa sun iso Gwiwa da ƙatuwar motarsu, suka je suka duba hanya, suka dawo suka kashe inji. Tsakanin Gwiwa da ƙauyenmu akwai wani wuri da ake kira Kwarin Jaki, inda ruwan damina ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan hanya, tsawon taku ɗari uku, a tsakiya har gwiwa. Ogan masu haƙa ya ce motarsa in ta shiga nan ba ta fita. Ya ba da wa'adi zuwa safiyar Asabar. In hanya ba ta buɗe ba za su wuce gari na gaba, mu kuma a koma da mu ƙarshen takarda. Wanda ya taɓa aikin hukuma ya san nisan ƙarshen takarda.

Kada wani ya ce me ya hana a yi gayya. Samarin ƙauyen rabinsu suna Ikko da Kaduna suna ɗaukar siminti, ragowar suna gona, gyaɗa ba ta jira. A ƙauyen nan kuwa yayata take, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ruwan tafki suke sha, shanu na sha ta wancan gefe. Damina uku ke nan a jere kurkunu yana fito mata a ƙafa. Da na je gaishe ta ran Litinin na tarar da ita a zaune tana naɗe shi a tsinke. Ta ce, "Auta, an ce motar ruwa za ta koma. Kai da ka yi shekara ashirin kana gyaran hanya, ashe taka ce ba ka iya ba?" Ina da shekara sittin da ɗoriya, har yanzu Auta nake. Na dawo gida na cire wani hoton kalanda daga bango.

Wannan hoto tun shekarar da aka ba mu mulkin kai yake ɗakina. Wani Baturen ayyuka ya bar shi a ofis lokacin ina heluma, wato shugaban leburorin hanya na En'e. A jikinsa akwai mota irin ta taubashina, an ɗaura mata faffaɗan ƙarfe a gaba tana ture wani farin abu daga kan titi. Ni a aji uku na bar elemantare, rubutun da ke ƙasan hoton ya fi ƙarfina, don haka na yi shekaru ina gaya wa baƙi cewa gishiri ne, Turawa sun ƙoshi har suna share shi. Sai daga baya wani malamin makaranta ya ce mini ƙanƙara ce mai laushi da ke zubo musu daga sama kamar audugar rimi. Na ce to, in Bature ya ture abin da ya zubo daga sama, ni ma zan ture abin da ya gangaro daga rafi. Kuma na san abin da ogan masu haƙa bai sani ba. Ƙarƙashin yashin nan akwai burji mai tauri, domin ni na zuba shi da leburorina.

Babura muka nufa, saboda a can aka ce akwai wani tsohon tankin kananzir na kantin masu sayen gyaɗa da ya mutu. Ƙarfe mai lanƙwasa nake so kamar na hoton, ganga kuwa ta yi sirara, da ta taɓa yashi za ta naɗe kamar tabarma. Muka bar duwatsun Kazaure a baya rana tana fitowa, muka bar kwalta, muka kama hanyar Achilafiya. Gero duk an yanke an jera dammuna, dawa ta sunkuyar da kai, mata da maza suna cikin gyaɗa. A Achilafiya muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosai biyar kwabo biyar ta ce, na tsaya ina juya shi zuwa sisi da taro a kaina, don har yau wannan sabon kuɗi bai zauna mini ba. Mai ƙosan ta ce, "Baba, ci ka ba ni abin da ya sawwaƙa, lissafinka zai ƙona mini mai."

Daga nan hanya ta zama yashi zalla. Jif ɗin taubashina ba ta da gilashin gaba, ba ta da ƙofa ta gefena, in ana so ta yi oda sai an haɗa waya biyu. Amma a yashi ba ta da na biyu. Da ya saka mata ƙaramar giyar nan mai jan ƙafa huɗu sai ta riƙa tafiya tana gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodin kanwa. Muka wuce wata babbar motar kaya ta nutse har ciki, fasinjoji suna yankan geza suna cusawa ƙarƙashin taya. Na ce a raina, haka motar ruwa za ta yi ran Asabar in na yi wasa.

Mun shiga Babura bayan azahar. Gari ne na bakin iyaka, a kasuwa za ka ji ana ciniki da naira ana ƙarasawa da sefa, ga Buzaye da dabino da cuku, ga atamfa da turare da aka shigo da su ta hanyar da ba a tambaya. Na ci wani kilishi a nan wanda ya tuna mini cewa haƙorana sun ragu. Tankin kuwa muka same shi a bayan kangon kantin, awaki suna kwana a inuwarsa. Mai gadin wurin ya tambayi abin da za mu yi da shi. Na fito da hoton, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya juya wajen taubashina ya ce, "Tun yaushe abin ya same shi?" Taubashina ya ce, "Da shi aka haife shi. Bawana ne, ni nake fama." Naira huɗu muka ba da, aka ce mu yanki abin da za mu iya ɗauka.

Ba a kusantar tankin kananzir da wuta ko ya shekara goma a bushe, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Da kurfi da guduma muka yanke shi, ni na riƙe, taubashina na duka, in ya gaji mu sauya. Tun la'asar sakaliya muke yi har aka kira magariba, muka kwana a zauren mai gadin, muka ƙarasa da hantsin Laraba. Abin da muka fitar tsawonsa taku biyu da rabi, tsayinsa zuwa gwiwa, a lanƙwashe kamar ɓarin ƙwarya. Mutum shida suka ɗora mana shi. Kunnena na hagu har yau yana jin gudumar nan.

Da muka dawo Kazaure muka tsaya neman mai. Ku da za ku karanta wannan bayan mun shuɗe, kada ku ce tsoho ya yi ƙarya: a ƙasar da ake haƙo mai, a shekarun da rediyo ke cewa kuɗi ya yi mana yawa, gidan mai ɗaya da ke garin layi ne tun daga famfo har bakin titi. Muka samu aka cika mana tanki da jarka guda, aka ce ko ɗigo ba za a ƙara ba. Taubashina ya girgiza jarkar a kunnensa ya ce, "Injiniya, wannan shi ne iyakar iliminka. In ya ƙare, sai ka tura da hoton."

Hanyar Roni burji ce mai tsakuwa, tana hawa tana sauka tsakanin duwatsu, ƙarfen da ke bayanmu yana ƙara kamar ana rushe kanti. Duk ƙauyen da muka ratsa sai kaji su watse, mutane su fito ƙofa. A Roni akwai wani maƙeri da na sani tun zamanin En'e, shi ke gyara mana diga da shebur, yanzu ya koma ƙera garmar shanu. Mutum ne marar yawan magana. Na shimfiɗa masa hoton a kan uwar maƙera, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, ina ƙasar take zuwa?" Na ce, "Gaba." Ya ce, "In ta je gaba fa?" Na ce masa Turawan da suka ƙera jirgin sama ba su tambaye ni wannan ba, ya yi mini yadda yake a hoto. Ya ce to.

Aikin ya ci yammacin Laraba da safiyar Alhamis. Ya miƙar da sifirin ɗin wata matacciyar mota a wuta, ya huda shi, ya ɗinke shi da kusoshi a leɓen ƙarfen na ƙasa, don shi ne zai riƙa cin ƙasa. Ya ƙera hannaye biyu masu kauri, ya ɗaure su da noti a ƙashin motar ta ƙarƙashin bamba, yadda ƙarfen zai iya ɗagawa ya sauka. Wajen ɗagawar ne hoton ya yi shiru, bai nuna komai ba. Sai muka kafa ƙarfe mai ƙafa biyu a kan bamba, muka rataya ƙaramar gargarar da ake jan guga da ita, muka zura igiyar rijiya ta bi ta kan bonet ta shigo ta inda gilashi ya kamata ya kasance, ta sauka a cinyata. A ranar na gode wa Allah da jif ɗin ba ta da gilashi. Ni ne mai zuga-zugi duk tsawon aikin, matar maƙerin kuwa ta aiko mana da dambu da man gyaɗa wanda ya sa na yafe wa mijinta tambayarsa.

Bayan azahar ɗin Alhamis muka fita gwaji a wani busasshen rafi a bayan gari, rabin Roni na biye da mu. Na gyara hula, na saki igiya, ƙarfe ya sauka, taubashina ya taka. Taku goma na farko na ji kamar a aiko daga Ikko a ɗauki hotona. Daga nan yashi ya fara taruwa a gaba, ya yi tudu, tudun ya haura ƙarfen ya fara zubowa a kan bonet. Jif ta yi kuka, tayoyi huɗu suka haƙa wa kansu rami, inji ya mutu. Sai wata tsohuwa da ke ɗauke da itace ta ce, "Sannu, an tara."

Maƙerin ya zo ya tsuguna a gaban tudun. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, garma ba ta tura ƙasa gaba. Yanka take yi ta kifar gefe. Kuma ba a ba ta ta ci da yawa." Na sake duba hoton da kyau. Sai a ranar, bayan shekara goma sha biyar yana rataye a ɗakina, na lura farin abin nan gefe guda yake zubewa. Mai ɗaukar hoton ta gaba ya tsaya, shi ya sa karkatar ƙarfen ba ta fito ba. Abu na biyu da hoton ya ɓoye mini shi ne nauyi. Abin da ya yi kama da audugar rimi daban, yashin da ya sha ruwan damina daban.

Muka koma maƙera. Ya rage hannun dama, ya ƙara na hagu, ƙarfen ya karkace yadda zai zubar da yashi ta dama, kamar yadda kowace garmarsa take kifarwa. Ya ƙera masa takalma biyu masu lanƙwasa a ƙasa don kada ya nutse, ya riƙa aske yashi kaurin tafin hannu kawai. Noti ya ƙare a Roni, don haka ya dasa kusoshi ya daddake kawunansu, abin ya zauna daram, ba mai sake juya shi sai da wuta. Muka sake gwadawa kafin magariba. Yashi ya riƙa naɗewa yana zubewa gefe, sumul, kamar ana yankan alkaki. Na ce masa ya biyo mu Gwiwa ya ga aikinsa. Ya ce yana da garmar mutane a wuta.

Ran Juma'a da sassafe muka kama hanyar Gwiwa. Ƙasar can ta fi buɗewa, ga kuka da gawo jefi-jefi, ga rugage a gefen gonaki, mata suna fitowa da ƙoren nono. Muka sha fura a bakin hanya, kwabo goma har da ƙari. A Gwiwa muka tarar da masu haƙa sun fara naɗe tantinsu. Ogansu matashi ne mai tabarau, mai ladabi ƙwarai. Ya zagaya jif ɗinmu sau biyu, ya taɓa igiyar rijiyar, ya ce, "Baba, a wace makaranta aka koyar da wannan?" Na ce, "Aji uku, ɗana. Da na kai huɗu da ka ga jirgi." Ya yi dariya, ya ce gobe ƙarfe takwas zai zo da motarsa bakin kwarin. In ya taka burji zai shiga, in ya taka yashi zai juya.

Mun isa Kwarin Jaki da hantsi. Yana nan yadda na san shi. In ka fito daga Gwiwa, hagunka gangare ne zuwa rafi, damanka gona ce, an yi mata iyaka da layin gamba. Na saki igiya, muka shiga. Ba mu yi taku ashirin ba na ga mutum ya fito daga cikin gonar yana ɗaga hannu. Bafulatani ne magidanci, da sanda a kafaɗa. Ya gaishe mu har ƙasa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Baba, yashin nan ina za shi?" Na waiwaya. Garmarmu ta dama take zubarwa, dama kuwa gonarsa ce. Yashin ya riga ya haura gambar ya binne kunya biyu na wake, waken yana cikin fure.

Taubashina ya raɗa mini cewa aikin gwamnati ne, ruwan gari guda ba ya tsayawa don wake, mu ba shi haƙuri mu wuce. Ba zan ɓoye muku ba, na so in bi maganarsa. Sai mutumin ya ƙara dubana ya ce, "Na gane ka, Baba. Kai ne heluma. Ina yaro kuka zo kuka yanki bakin gonar nan kuka zuba burji, da dogari a bayanku. Mahaifina bai ce komai ba." Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce kada mu wuce ba. Ya tsaya kawai a kan gambarsa.

Na sauka na ɗauki shebur na kwashe yashin da muka zuba masa, shi yana cewa in bari, ni ina yi. Sannan na gaya wa taubashina yadda za a yi. Tunda ƙarfen ba ya juyuwa, mu za mu juya. Za mu ƙetare kwarin da garma a ɗage, mu juyo daga ɓangaren ƙauye mu sauke ta, ta yadda damarmu za ta zama rafi. Kowane zuwa na banza, kowace dawowa ta aiki. Taubashina ya ce, "Ka san mai zai ci ninki biyu?" Na ce na sani. Ya ce, "Ka san wa zai riƙe ƙarfen nan a sama duk zuwa?" Na ce wannan ma na sani.

Haka muka yi. Mu tafi ina rungume da igiya, ƙafafuna a dafe da gaban mota, ƙarfen da mutum shida suka ɗaga yana lilo a hannuna. Mu juyo in saki, mu aske tafin hannu guda mu tura shi wajen rafi. Muka fara daga gefen gona muna matsawa, abin da muka zubar a wannan dawowa mu ƙara tura shi a ta gaba. Lagireto ya tafasa sau uku. Muka bar aiki muka tafi Gwiwa sallar Juma'a a ƙafa don kada mu ƙona mai, muka dawo muka ci gaba. Wajen zuwa na ashirin tafin hannuna ya fashe, na yage bakin rawanina na naɗe. Na daina ƙirga a talatin da biyu. Can wajen la'asar na ji leɓen ƙarfen ya yi wata ƙara, ƙararrr, na leƙa na ga ja a ƙasa. Burjina ne, yana nan yadda na bar shi shekara ashirin da wani abu. Na ce wa taubashina ya tsaya, na sauka na taka shi da ƙafata. Ya ce in zan yi kuka in yi sauri, mai na ƙonewa.

Gefe biyu na kwarin suka fito fes. Saura tsakiya, wurin da ya fi zurfi, kamar taku sittin, da yashi har idon sawu da ɗoriya. A nan jif ta yi tari biyu ta yi shiru. Muka juye jarka, ko warin mai babu. Rana ta yi ƙasa. Na zauna a kan bamba ina duban taku sittin ɗin nan, ina lissafin shebur nawa ne, da tsofaffi biyu, da hannu ɗaya da rabi. Na ce wa taubashina miƙo shebur ɗin. Ya ce, "Haukarka ta kai nan?" Na ce ta wuce. Muka fara.

Ba mu cika shebur hamsin ba na ji ƙarar sarƙa. Mai gonar ne, ya fito ta bayan gamba da bijimai huɗu a cikin karkiya biyu, nasa da na ƙanensa. Duk yinin nan yana cikin wakensa yana kallonmu. Ya ce, "Baba, garma ce ko? To ai ba ta mai ba ce." Muka ɗaura sarƙa a ƙashin motar ta saman ƙarfen, taubashina ya cire giya ya kama sitiyari, na koma kan igiyata. Mutumin ya yi wa shanunsa magana da Fulatanci, suka sunkuyar da kai, jif ta motsa. Na yi shekara ashirin a aikin hanya, ban taɓa ganin tafiya mai daɗin wannan ba. Ba gurnani, ba hayaƙi, sai numfashin shanu da yashi yana zubewa. Su ba sa gaggawa, ba sa haƙa rami da ƙafa. Sau tara suka ja mu muka dawo. Ana kiran magariba a ƙauye leɓen ƙarfen yana ƙara a kan burji tun daga wannan baki har wancan.

Ran Asabar ƙarfe takwas ogan masu haƙa ya iso. Ya sauka ya bi kwarin a ƙafa yana dukan ƙasa da dunduniyar takalminsa, ya je ƙarshe ya dawo. Sai ya ɗaga wa direbansa hannu. Motar nan ta shigo a hankali, ƙasa tana rawa, ni ina tafe a gefenta ina kallon tayoyi kamar ni na haife su. Da tayar baya ta hau tudun ƙauye sai mata suka ɗauki guɗa. Yayata ta sa an kawo ta a kan jaki, ƙafarta a naɗe. Ta dubi motar ruwa, ta dubi jif ɗinmu da shanu suka jawo gindin tsamiya, ta kama hannuwana ta juya su ta ga yadda igiya ta ci. Ta ce, "Auta, ashe dai shanu ne suka yi." Na ce, "Yaya, ni na ba su shawara."

Ogan ya ba mu galan biyu daga man ƙaramar motarsu, muka kwana biyu a ƙauye, ran Litinin muka juyo. Garmar mun kwance ta mun bar wa mai gonar a zaurensa, domin baɗi ruwa zai sake kawo yashi, kuma ya ce zai sa mata abin riƙo ya ja ta da shanu ba tare da jif ba, wadda a ganinsa nauyi kawai ta ƙara. Taubashina bai ji daɗin wannan magana ba, har Roni yana mita. Muka tsaya na gaya wa maƙerin duk yadda aka yi. Ya ce, "Da ka ce mini gonar tana dama." Na ce ai bai tambaya ba. Ya ce ya yi tambaya ɗaya an ce masa Turawa sun ƙera jirgin sama. Muka shiga Kazaure da la'asar, a kan gangaren kasuwa mai ya sake ƙarewa, waɗanda suka tura mu ran Talata su suka tura mu gida.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa, don kaina na aji uku ne. Na koyi cewa hoto ba ya nuna nauyi, kuma ba ya nuna gonar wa ke gefen hanya. Na koyi cewa duk abin da za ka ture, ka fara tambayar inda za shi kafin ka taka mota. Da na yi wannan tambaya a Roni da hannuna bai fashe ba, da na yi ta shekara ashirin da suka wuce da ban ji kunya a Kwarin Jaki ba. Hoton na mayar da shi bango, da tabon gawayin maƙera a kusurwarsa.

Shekaranjiya wani mai kai kaji kasuwa ya yi sallama a ƙofata, ya miƙo mini kwalba an toshe bakinta da totuwa. Ya ce daga yayata, an samu ruwa ran Alhamis. Na ɗaga ta a rana, fari tas, ba ko ɗigon laka. Na tambaye shi ko ta ba da saƙo. Ya ce ta ce in wanke hannuna da rabi, in sha rabi, kuma in mayar mata da kwalbarta.